AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wane Irin Talabijin Na Bango Ya Kamata In Saya?

A 'yan makonnin nan wasiƙu da saƙonnin waya sun taru mana a kan magana guda, watau sayen akwatin talabijin irin na zamani, shafaffen nan da ake ratayewa a bango. Mun zaɓi guda uku daga ciki za mu haɗa su mu amsa, don kuwa amsar wannan tana shiga cikin ta wancan.

TAMBAYA: Wani magidanci daga Funtuwa ya ce yana shirin aurar da 'yarsa, kuma yana so ya sa mata talabijin a cikin kayan ɗaki. Ya ce ya shiga kasuwa sau biyu, wannan ya ce masa filasma, wancan ya ce LED, wani ya ce sai mai 4K, wani kuma ya ce in ba simat ba ne asarar kuɗi ne, har kansa ya ɗaure ya komo gida bai sayi komai ba. Sai wata malama daga Gusau da ta ce su da hasken rana suke amfani a gidansu, batirinsu ɗaya ne, tana so ta san wanda ba zai shanye musu shi kafin a yi barci ba. Na ukunsu wani saurayi ne daga Azare, ya ce ya ga tokumbo mai inci 50 wanda kuɗinsa bai kai na sabo mai inci 32 ba, shin ya saya ko kuwa?

AMSA: To, Malam na Funtuwa, Allah ya sanya alheri, ya kuma kai mu lokacin. Bari mu fara da sunan da ya fi rikita mutane, watau filasma. A bakin jama'armu duk talabijin ɗin da ba shi da ƙeya filasma ne, kamar dai yadda ake kiran kowane garin sabulu da suna ɗaya. Amma filasma na ainihi wani nau'i ne dabam, wanda gilashinsa ke ɗauke da miliyoyin 'yan ƙananan gurabe cike da iskar gas, wuta na bi ta cikinsu su yi haske. Ya yi tashe ƙwarai a shekarun 2000, sai dai yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, ga cin wuta. A shekarar 2014 manyan kamfanonin da ke ƙera shi, watau Panasonic da Samsung da LG, duk suka daina. Ke nan duk wanda ya ce zai sayar maka da sabon filasma dal a kwali, ko dai sunan kawai yake faɗa bisa al'ada, ko kuwa kayan ya shekara fiye da goma a duniya.

Abin da ya cika kasuwa yau shi ne wanda ake rubuta wa LED. Shi wannan, gilashinsa ba ya yin haske da kansa. Irin gilashin nan ne na fuskar agogon hannu da na'urar lissafi da ake kira LCD, aka jera masa 'yan ƙananan fitilu a baya ko a gefe. Fitilun su ne LED ɗin. Su ke ba da haske, shi kuma gilashin yana buɗe hanya yana rufewa, ɗigo-ɗigo, har hoto ya fito. Ka riƙe wannan bayani, Malam, don zai yi mana amfani idan muka zo maganar gyara. QLED da za ka gani a kwalin wasu, musamman na Samsung da TCL da Hisense, shi ma ɗan gidan nan ne, an dai ƙara masa wani shafi a tsakani da ke sa launi ya fi fitowa rangaɗau.

Wanda ya fita dabam shi ne OLED, wanda kamfanin LG ya fara sayar da mai inci 55 a 2013. Shi babu fitila a bayansa sam, kowane ɗigo da kansa yake kunnuwa yake mutuwa, saboda haka idan aka nuna dare a fim, baƙi ne wuluk, ba toka-toka ba. Hotonsa kam babu na biyunsa. Amma tsadarsa ta wuce ta kayan ɗakin amarya, kuma yana da wani hali: idan tambarin tasha ɗaya ya daɗe a kusurwa guda, kullum sa'o'i masu yawa, wata da watanni, inuwarsa na iya zaunawa a gilashin. A gidan da ake kunna tasha ɗaya tun hantsi har dare, ni dai ba zan ba da shawararsa ba.

Sai girma, wanda a ganina nan ne kuɗinka zai fi yin aiki. Incin da ake faɗa ba faɗin talabijin ba ne. Ana auna shi ne a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, kuma gilashin kaɗai ake aunawa ban da bakinsa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai inci 32 faɗin hotonsa kamar santimita 71 ne, tsayinsa 40. Mai 43 faɗinsa 95, tsayinsa 54. Mai 55 kuwa faɗinsa ya kai 122, tsayi 68. Ka ga daga 32 zuwa 43 a baki inci 11 ne kacal, amma filin hoton ya kusa ninkawa biyu. Akwai kuma inda mutane kan yi tuntuɓe: wanda ya saba da tsohon akwati mai ƙeya mai inci 21 sai ya sayi na bango mai 24 yana zaton ya ci gaba. Ya kai gida ya ga mutanen ciki ba su ƙara girma ba. Dalili shi ne tsohon kusan murabba'i ne, sabon kuwa mai faɗi ne, incinsa a faɗin ya tafi. Saboda haka ga ɗakin zama, 32 shi ne mafari.

Kafin ka koma kasuwa, ka tura a auno maka ɗakin da yarinyar za ta zauna, daga bangon da za a rataye shi zuwa inda kujera za ta kasance. Lissafin da masu sana'ar kan yi amfani da shi mai sauƙi ne, watau nisan mai kallo ya zama tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na incin talabijin. Mai 32 ke nan daga ƙafa 4 zuwa 6 da rabi. Mai 43 daga ƙafa 5 da rabi zuwa 9. Mai 55 daga ƙafa 7 zuwa 11 da 'yan kai. Ɗakunanmu na ciki da falo da yawansu ƙafa 12 ne kowane gefe, idan aka cire wurin kujera sai ya rage kamar ƙafa 9. To mai 43 ya zauna daidai a nan. Idan aljihu bai kai ba, 32 ba abin kunya ba ne, a matso da kujera kawai.

Yanzu ga 4K ɗin da aka cika maka kunne da shi. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma, kuma yawan ɗigon shi ne ake wa waɗannan sunaye. Wanda aka rubuta wa HD yawanci ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, watau miliyan ɗaya da kaɗan. Mai FHD yana da 1920 da 1080, miliyan biyu da ɗoriya. Mai 4K, wanda kuma ake rubuta wa UHD, yana da 3840 da 2160, ya haura miliyan takwas. Da jin haka sai mutum ya ce ai sai mai miliyan takwas. Amma a tsaya tukuna, akwai abu biyu.

Na farko, idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai lafiyar ido idan ya ja baya ya wuce kamar ƙafa 6 daga talabijin mai inci 43, ba zai ƙara iya rarrabe ɗigon FHD ba, balle ya ga fifikon 4K a kansa. A mai inci 55 iyakar kamar ƙafa 7 ce. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, talabijin ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. Tashoshi da yawa da ake kamawa da dish ko da eriya har yanzu da tsohon ma'auni suke watsa shirye-shiryensu, mai layi 576, waɗansu kuma da HD. Idan irin wannan hoto ya shiga talabijin mai 4K, sai ya miƙe shi ya cika gilashin, kamar a ɗauki ɗan ƙaramin hoton fasfo a buga shi ya cika bango. Shi ya sa za ka ji wani yana ƙorafi wai ya sayi ƙaton talabijin amma fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, tsohon nasa ma ya fi fitar da su. Ba ƙarya ya yi ba, kuma talabijin ɗin lafiyarsa lau. Abin da ake ba shi ne bai kai girmansa ba. A taƙaice, daga inci 50 zuwa sama kusan duk 4K ne ake ƙerawa yanzu, ko ka so ko ka ƙi. A 43 kuwa, idan bambancin kuɗin yana da yawa, ɗauki FHD ka sa ragowar a wani abin da zan faɗa nan gaba. A 32 kada ma ka ta da maganar.

Wani abu kuma da ba a rubutawa a kwali, amma ya shafe mu ƙwarai. Mu ba kallon mutum ɗaya muke yi ba. Maigida na kan kujera, uwargida na gefe, yara sun baje a ƙasa a kan darduma, ga na maƙwabta a bakin ƙofa suna leƙe. Gilashin LED iri biyu ne manya. Akwai wanda baƙinsa ya fi kyau idan kana zaune saitinsa, amma da ka koma gefe sai launin ya koɗe, shi ake kira VA. Akwai kuma IPS, wanda baƙinsa bai kai wancan ba, amma launinsa ba ya gudu ko daga ina ka kalla. Mai shago ba lalle ya san wanne ne a hannunsa ba, kuma ba sai ya sani ba. Kai dai a kunna maka, ka tsaya a gabansa, sannan ka taka zuwa gefe, sannan ka tsuguna ka dube shi daga ƙasa. Idan fuskar mutum ta yi fari fat ko ta yi duhu, ka san abin da masu zaman darduma za su riƙa gani ke nan. Gani ya kori ji.

Tun da mun shiga shago, bari mu ƙarasa. Talabijin ɗin da aka jera a shago an murɗe haskensu da launinsu har ƙarshe, kuma hoton da ake sa musu na musamman ne, furanni da tsuntsaye da ruwa mai gangarowa, wanda ko wane talabijin aka sa wa sai ya burge. Ka tafi da filash ɗinka mai ɗauke da fim ɗin Hausa irin wanda za a riƙa kallo a gidan, ka ce a sa maka. Da haka ka jarraba ramin filash ɗin, ka ji sauti, ka kuma ga hoton gaskiya. Idan da hali a sa a cikin filash ɗin hoto fari sol, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi, kowanne ya cika gilashi. A kan farin za ka ga mataccen ɗigo idan akwai, baƙi ne ƙurum ba ya motsi. A kan baƙin za ka ga ko haske na tsiyayowa ta gefe kamar hasken fitila ta ƙarƙashin ƙofa. Kuma wanda aka jarraba shi za a mayar kwali a ba ka, kada a shiga ciki a ɗauko maka wani rufaffe. Ba a cinikin biri a sama.

Ka kuma juya bayansa ka ƙirga ramuka. Mai faɗin nan da aka rubuta wa HDMI, aƙalla ya zama biyu, uku ya fi, domin dikoda za ta ci ɗaya. Idan akwai tsohuwar na'urar faifai ko tsohuwar dikoda mai wayar nan uku, ja da fari da rawaya, a duba ko yana da wurinta, don sababbi da yawa sun daina zuwa da shi. Batun sauti kuwa, gaskiya ita ce duk siririn talabijin muryarsa siririya ce, babu wurin da za a sa babbar sifika a jikinsa. Tsohon mai ƙeya ya fi su amo. Idan ana ruwa a kan rufin kwano, ko fanka na gudu, sai an kasa kunne. Ƙaramar sifika ta waje tana maganin wannan.

Simat kuma fa? Ma'anarsa talabijin mai shiga intanet da kansa, a kalli YouTube da makamantansa ba tare da an jona komai ba. Na Samsung da tsarin Tizen yake aiki, na LG da webOS, Hisense da yawa da VIDAA, Sony da TCL kuma galibi da na Google. Yanzu da finafinan Hausa masu dogon zango suka koma YouTube, amarya za ta so shi, ba shakka. Amma a san cewa data yake sha kamar raƙumi ya samu ruwa. Kamfanin Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon sa'a ɗaya na iya cin gigabait 1 a hoto na yau da kullum, 3 a HD, har 7 a 4K. Wanda ke sayen data ta mako a waya ya yi wa kansa lissafi. Sannan ƙwaƙwalwar da ke cikin masu araha ƙarama ce, bayan 'yan shekaru sai ta fara nauyi, wasu manhajojin su daina buɗewa alhali gilashin garau yake. Abin da ke da daɗi shi ne ana sayar da 'yar ƙaramar na'ura da ake cusawa a ramin HDMI ta mai da kowane talabijin simat. Don haka idan zaɓi ya zama tsakanin mai kyawun hoto marar intanet da mai intanet marar kyawun hoto, ɗauki na farko.

Wasu kan tambaya ko sabon talabijin na kama tashoshi ba tare da dikoda ba. A dubi kwalin. Idan an rubuta DVB-T2, yana da makamar tashoshin dijital na eriya, irin tsarin da Nijeriya ta ɗauka, wanda aka fara ƙaddamarwa a Jos a watan Afrilu na 2016, sannan Abuja a watan Disamba na shekarar. Idan an rubuta DVB-S2, ana iya jona masa wayar dish kai tsaye ya kamo tashoshin kyauta. Amma duk tashar da aka kulle, irin na DStv da GOtv da StarTimes, galibi sai da dikodarsu.

To, Malama ta Gusau, ga taki. A bayan kowane talabijin akwai 'yar takarda manne, a jikinta za ki ga lamba da harafin W a gabanta. Wannan shi ne wat, watau yawan wutar da yake ja. Mai LED inci 32 yawanci tsakanin wat 30 ne zuwa 50. Mai 43 yakan kama daga 60 zuwa 90 ko kusa da haka, mai 55 kuma yana iya haura 100. Ga yadda za ki yi lissafi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah, idan kika ninka 12 sau 100, yana riƙe da 1200. Amma batir irin na dalma ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba, saboda haka 600 ne naki. Talabijin mai wat 45 da dikoda mai wat 15 sun zama 60. Raba 600 gida 60, sa'a 10 ke nan a takarda. Inbata ita ma tana cin nata rabon wajen juya wutar, ki ƙaddara sa'a 8. Wannan fa ba a kunna fanka ko ƙwan fitila ba, kuma ba a sa cajin waya ba. Da mai inci 55 ne, da rabin wannan ma da ƙyar.

Shawarata gare ki, ki tsaya a 32, kuma ki tambayi irin wanda ke aiki da wutar batir kai tsaye, za ki ga an rubuta DC 12V a bayansa. Shi ba ya bukatar inbata, don haka babu wutar da ke zubewa a hanya. Bayan haka ki shiga wurin saiti da rimot ki nemo inda ake rage hasken fitilun baya, ki sauke shi zuwa rabi ko ƙasa da haka da dare. Yawancin wutar da talabijin ke ci waɗannan fitilu ne ke cinye ta. Rage su na tsawaita batir, yana kuma tsawaita ran fitilun su kansu. Wannan shawara ta kowa ce, ba ta masu sola kaɗai ba.

Saura kai, samari na Azare. Arahar nan da ka gani tana da dalili, kuma dalilin farko da nake zargi shi ne filasma ne na ainihi. Gane shi ba wuya. Ka ɗaga shi, za ka ji nauyi kamar buhun siminti ya sha kaɗan. Fuskarsa gilashi ne mai tauri kamar na taga, kuma idan ya yi minti ashirin a kunne ka kai hannu sama za ka ji zafi na tashi. Ka duba takardar bayansa, za ka iya ganin wat 250 ko 300, wani ma fiye. Mu ɗauki 250. Idan kana kallon sa'a 6 kullum, a wata ya ci yunit 45 a mita, alhali mai wat 50 yunit 9 zai ci. Ƙaramin janareto irin Tiger ɗin nan, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba, talabijin kaɗai ya kwashe fiye da sulusinsa. A batirin Malama ta Gusau kuwa sa'a 2 ya gama da shi. Ga shi an daina ƙera kayan gyaransa, sai dai a ciro daga jikin wani mataccen. Araha ba ta ado.

Idan kuma ka duba ka ga LED ne, to ana iya sa'a, amma da sharaɗi. Ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Ingila da sauran ƙasashen Turai sun dace da ita. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, idan ba an rubuta 100-240V ba, kana jona shi zai ƙone. Na Amurka kuma makamar tashoshinsa dabam ce da tamu, ba zai kama komai da eriya a nan ba, sai dai ta dikoda. Ka nemi shekarar da aka ƙera shi, tana nan a takardar. Ka sa a bar shi a kunne rabin sa'a a gabanka, don wani ciwon sai ya ɗau zafi yake bayyana. Ka sa farin hoton nan da na faɗa, idan ka ga tabo-tabo masu haske, ko wani yanki ya yi duhu, ko farin ya koma shuɗi-shuɗi, fitilun baya sun tsufa. Idan kuwa layi ne ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, ko siriri ne kamar zare, ka bar musu kayansu, wannan ciwon gilashi ne.

A nan bayanin da na ce a riƙe zai yi amfani. Cutar da ta fi kama talabijin mai LED ita ce a ji magana amma babu hoto. Mutane da yawa sai su ɗauka ya mutu. Ka haska tocila dab da gilashin, idan ka hango inuwar hoto tana motsi, gilashin lafiya lau, fitilun baya ne suka ƙone, kuma mai gyara zai canza su a kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da sabo. Amma idan gilashin ne ya fashe, canza shi ya kusa kuɗin sabon talabijin, kuma yawanci garanti ba ya biyan fashewa. Saboda haka, Malam na Funtuwa, ranar kai kaya ka sa ido. A bar shi cikin kwalinsa, a ɗauke shi a tsaye, kada a kwantar da shi a bayan a-kori-kura a ɗora masa tukwane da katifa. 'Yan jere su gama aikinsu tukuna, shi ne na ƙarshen shiga ɗaki.

Wajen ratayewa, mutanenmu na son kai shi can sama kusa da silin, wai don yara. Wannan wahalar wuya ce kawai, ga shi launi na gudu idan ana kallo daga ƙasa. Tsakiyar gilashin ya zo daidai idon wanda ke zaune, ko ya ɗara kaɗan. Idan bangon ginin ƙasa ne, ko bulo ne marar ƙwari, gara a ɗora shi a kan tebur mai faɗi a ɗaure shi ta baya, don kada yaro ya jawo shi ya faɗo masa. Kada ya fuskanci taga. A bar masa sarari ta baya da sama ya sha iska, kuma lulluɓin nan mai ado da mata ke yi masa saboda ƙurar hunturu, a cire shi duk lokacin da aka kunna. Gogewa da busasshen ƙyalle mai laushi, ba a fesa masa ruwa.

Ragowar kuɗin da na ce a ajiye, ga inda za su. Abin da ya fi kashe talabijin a ƙasar nan ba tsufa ba ne, wuta ce, musamman lokacin da aka ɗauke aka dawo da ita da ƙarfi, ko lokacin da ake juyawa daga janareto. Akwai 'yar na'urar kariya da ake sawa a soket, wadda ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, kuma ta ɗan jinkirta kafin ta sake ta. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai a kan na talabijin. Inda wuta ke yawan zuwa rabi-rabi, sai a haɗa da sitabilaiza. Da damina kuma idan hadari ya taso da tsawa, kashewa da rimot ba ta isa ba, a zare filogi daga bango, a kuma zare wayar dish ko ta eriya, don ta nan ma tsawa kan biyo ta shiga dikoda ta wuce cikin talabijin.

Game da wane kamfani, ba aikin wannan fili ba ne ya yi wa kowa talla. Abin da zan ce shi ne jabu ya yi yawa, ana manna sunan babban kamfani a jikin kayan da ba nasa ba. Idan an kunna, ka lura da sunan da ke fitowa a gilashi da fasalin wurin saitinsa, ka gwada da na wani shagon. Lambar da ke bayan talabijin ta zama ɗaya da ta jikin kwali da ta katin garanti. Ka tafi da awon tela ka auna gilashin a karkace, don akan sayar da mai inci 40 da sunan 43. A rubuta maka rasit mai ɗauke da wannan lamba da kwanan wata da tsawon garantin, ka kuma tambayi inda ake kai shi gyara idan ya samu matsala, a garinku ne ko sai an tafi Kano ko Kaduna. Rasit ɗin da katin a ba yarinyar ta adana tare da takardunta, kwalin ma kada a yar, ranar tashi daga gidan haya za a neme shi.